Motar gida da baƙuwar mota

Nijar ba ta da wata mota da za ta nuna wa duniya ta ce ga ƙirar ƴaƴanta. Amma duk da haka, in aka tambayi dattawan direbobi na tashar Maraɗi ko ta Damagaram wace ce motar gida, ba za su yi dogon tunani ba, za su ce Fijo, wato Peugeot. Abin mamaki shi ne, sunan na Faransa ne, zakin da ke goshinta ma na can ne. To, yaya aka yi baƙuwa ta zama ƴar gari?

Amsar tana Kaduna. A shekarar 1975 masana'antar Peugeot ta unguwar Kakuri ta fara harhaɗa motoci da kayan da ake kawowa daga Faransa. A waɗannan shekaru, da kuɗin man fetur ya wadaci Najeriya, an kafa wasu irinta: Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, ta manyan motocin Fiat a Kano. Sai dai babu wadda ta shiga ran jama'a kamar 504. Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta mai da ita motar manyan ma'aikata, kuma ƙaramin ma'aikaci ma yana iya cin bashin mota a wurin aikinsa ya fito da sabuwa gal. Faransa ta daina ƙera ƙaramar 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita fiye da shekara 20 bayan haka. Da yake iyakar Jibiya da Ɗan Isa ba ta raba dangi ba, ba ta raba kasuwa ba, motar da kayan gyaranta suka riƙa kwararowa arewa. Doguwar 504 ta yi jigilar fasinja tsakanin Ƙonni da Tawa, akori-kura 404 kuma ta yi dakon gero da albasa zuwa kasuwannin ƙauye.

Ba kishin ƙasa ya kashe wannan zamani ba, aljihu ne. A 1986 aka karya darajar naira, kayan da masana'antu ke shigowa da su suka yi tsada, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi. A watan Janairu na 1994 sefa ita ma ta rasa rabin darajarta. Daga nan idon kowa ya koma tashar jiragen ruwa ta Kwatano, inda ake sauke motocin da Turawa suka gama yayinsu. Ayari-ayari suka riƙa hawowa ta Gaya, wasu su tsaya a Yamai, da yawa su zarce Ƙonni da Maraɗi su tsallaka Najeriya. Dillalai da direbobi da masu cike takardun duwan sun ci abinci a wannan hanya, har Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa tun daga farkon 2017, sannan rufe iyakar Nijar da Benin a 2023 ya ƙara dagula ta.

Motar gida dai ba ta mutu ba. Innocent Chukwuma ya buɗe masana'antar Innoson a Nnewi ta jihar Anambra a 2010, kuma a 2022 kamfanin da Aliko Ɗangote ya kafa tare da Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna. Amma su wa ke saye? Akasari gwamnatoci ne, da rundunonin tsaro, da manyan kamfanoni, musamman bayan umurnin da fadar shugaban Najeriya ta bayar a 2017 cewa ma'aikatu su fifita kayan gida in za su yi sayayya. Attajiri kuwa, in ya tashi nuna isa, Land Cruiser ko Mercedes yake nema. Talaka da mai matsakaicin hali suna wajen dillalan ƴar Kwatano. Ke nan motar gida ta koma motar hukuma, ta bar ƙofar gidan mutane.

Kafin a zargi mai saye da raina na gida, ya kamata a dubi lissafinsa. A ɗauki malamin makaranta da ya shekara goma yana zubin adashe, matarsa ta sayar da tumakin da ta kiwata, har kuɗin tsohuwar Toyota Corolla suka haɗu. Ba tuta yake saye ba. Tambayoyinsa uku ne: in ta lalace a hanyar Dakwaro, akwai bakaniken da ya san cikinta? Akwai kayanta a kasuwa? In larura ta taso, ciwo ko aurar da ɗiya, za ta sayu ba da faɗuwa mai yawa ba? Yau Toyota ce ke amsa waɗannan tambayoyi da i, kamar yadda 504 ta amsa su jiya. Wanda ya zuba gumin shekara goma a abu guda ba ya gwaji da shi.

A nan darasin Kakuri yake. Abin da ya mai da Peugeot ƴar gida ba wurin da aka ɗaure kusoshinta ba ne kaɗai. Bashi ne mai sauƙi da ya kai ta hannun ma'aikaci, da shagunan kayan gyara a kowane gari, da yaran gareji da suka koyi kwance injinta tun suna goma sha. Duk masana'antar da ta tsaya ga kwangilar gwamnati, ranar da gwamnati ta juya mata baya sai ta rufe ƙofa, ma'aikatanta su koma gida.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma gaskiya ne. Kuɗin da ke fita kowace shekara don sayen tsofaffin motocin wasu, albashin ƴaƴan wasu ƙasashe suke biya, alhali matasan da suka gama makarantun koyon sana'a na zaune a fada suna shan shayi. Sai dai karin maganar tana da baki biyu. Kafin a nemi mutum ya riƙe gida, sai gidan ya buɗe masa ƙofa da farashin da zai iya.