Ranar da kiɗa ya tsaya

Shekara 20 ke nan ina sa kiɗa a bukukuwan Damagaram, tun zamanin kaset. Bara na sayi tsohuwar kwamfutar hannu don sauƙin kuɗinta. Ashe araha ba ta ado. Ranar wani aure, amarya na shigowa, na'urar ta ɗauki zafi ta sandare. Fili ya yi tsit, uwar amarya ta dube ni, na rasa ta cewa.

Da na koma kasuwa, na nemi mai RAM giga 8, faifan SSD, isassun kafofin USB da batir mai jimiri in wuta ta ɗauke. Awa 2 na kunna VirtualDJ gaban mai kanti kafin in biya. Ƴan'uwa, kuɗi na dawowa, amma kunyar da na ba ɗiyar mutane har yau tana raina.