Ranar da hazo ya hana mu sauka Damagaram

Tun da hunturu ya kama ana ta aiko mana koke a radiyo cewa jiragen cikin gida suna ɓata wa mutane lokaci. To bari in ba ku nawa labarin.

Wata Janairu na sayi biye daga Yamai zuwa Damagaram, ana ɗaurin auren ƙanena washegari da safe. Mun tashi daga filin Diori Hamani lafiya lau. Da muka kusa isa, na leƙa taga, babu gari babu duwatsun Birni, sai ja-ja kamar an watsa garin bulo. Jirgi ya yi ƙasa, na ji ƙafafunsa sun fito, har na fara alhamdu lillahi. Kwatsam injin ya yi ruri, muka koma sama. Aka sake gwadawa, haka dai. Sai matuƙi ya yi magana da Faransanci, jimla biyu: ba ya ganin titin sauka, za mu koma Yamai.

Wallahi jirgi ya kaure. Wani alhaji kusa da ni yana cewa direban kar ma yana shiga hazo, balle mai fuffuke. Ni ma na yi gunaguni, ba zan ɓoye ba.

Daga baya wani ma'aikacin meteyo da muka gayyata cikin shirinmu ya warware mini. Kowane fili yana da iyakar tsawon da matuƙi zai sauko. Inda akwai na'urar jagora ta ILS, galibi wajen mita 60 ne daga ƙasa. Inda babu, iyakar ta fi haka nisa. In ya kai nan bai ga titi ko fitilunsa da idonsa ba, doka ta ce ya tashi, ko shugaban ƙasa ya ɗauko. Shi ya sa ake zuba masa man da zai kai shi wani filin. Direban kar yana iya rage gudu ya faka gefen hanya, jirgi kuwa in ya rage gudu fiye da kima faɗuwa yake.

Ku tuna Fatakwal, ranar 10 ga Disamba 2005. Jirgin Sosoliso ya taso daga Abuja da mutum 110, ya tarar da hadari da iska mai juyawa. Bincike ya nuna matuƙan sun wuce iyakar nan ba su ga titi ba, sai da lokaci ya ƙure suka nemi tashi. Mutum 108 suka rasu, kusan 60 ƴan makaranta ne da ke tafiya hutu, iyayen wasunsu suna tsaye a filin suna jira.

Abin da har yanzu nake jin haushinsa shi ne shirun kamfanin. Rabin fasinjojin ba su jin Faransanci, amma ba a samu mutum guda da ya faɗi da Hausa ko Zabarmanci abin da ke faruwa ba. Wata tsohuwa bayana ta ɗauka injin ne ya mutu, tana ta kalmar shahada har muka sauka. Ni na juya na yi mata tafinta, aikin da otes ya kamata ta yi.

Da dare na kama kar, kusan kilomita 900. Na iso an riga an shafa fatiha, goro ma ya ƙare. Alhajin nan kujerarsa na gaban tawa, tun daga Doso yake barci.