Wusta, Garin da Aka Zana Murmushi

Jirgin ƙasan da ya ɗauko ni daga Boston ya ci kusan awa ɗaya da rabi kafin ya sauke ni a Worcester, wanda mutanensa ke kira Wusta, gari na biyu a girma a jihar Massachusetts ta Amurka. Tashar jirgin tun 1911 aka buɗe ta, fara tas, da dogayen hasumiyoyi biyu a gabanta. Da na fito na waiwayo na dube ta, sai na ce a raina, da a Kano take da tuni mutane sun tuɓe takalma sun shiga neman sahu.

Mai masaukina Bahaushen Kumasi ne, ɗaya daga cikin ɗimbin 'yan Ghana da suka yi kaka-gida a garin. Tun a mota na lura da wata fuska da ke bin mu: a jikin bango, a tagar shago, a rigar wani yaro. Zagayayya ce, rawaya, da ɗigo biyu baƙaƙe da baki a wangale. Ita ce dai wadda ke cikin wayar kowa, wadda Turawa ke kira Smiley.

"Alhaji, ashe nan ma ta iso?" na tambaye shi.

Ya yi dariya har da buga sitiyari. "Haba Malam! Ai nan ce mahaifarta."

Kafin mu je gidan tarihi, wani abu ya ɗaure mini kai a kan titi. Duk wanda muka haɗa ido da shi sai ya ɗan ja leɓɓansa, ya yi mini murmushi, ya wuce. Sai in rage tafiya, in shirya bakina don gaisuwa, ina jiran a tambaye ni gajiya da iyali, amma kafin in ce uffan mutum ya kai kwana. Na rasa gane ko sanina suka yi, ko hulata ce ta ba su dariya. Alhaji ya ce ba ko ɗaya, gaisuwar ke nan gaba ɗayanta. Na jinjina abin. Mutanen da ba su da lokacin tsayawa sun samo hanyar ce wa baƙo "ba ni da sharri gare ka" cikin ƙiftawar ido, kuma wallahi ta yi aiki a kaina, don na saki jiki da garin tun kafin azahar.

A gidan tarihin garin, da ke titin Elm, na ga asalin abin. Wani ɗan ƙaramin baji ne na maƙalawa a riga, faɗinsa bai kai inci ɗaya ba. Na sunkuya na ƙura masa ido. Ido ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma, bakin kuma bai daidaita tsaf ba, ya ɗan karkace, alamar hannun mutum ne ya ja layin. Wannan 'yar karkatar ce ta sa ya fi na wayata rai nesa ba kusa ba.

Labarinsa ya fi shi ban mamaki. A 1963 wani kamfanin inshora na garin, State Mutual, ya haɗe da wani kamfani na jihar Ohio, ma'aikata suka shiga zaman ɗar-ɗar, kowa ya murtuke. Sai shugabanni suka nemi wani mai zanen talla ɗan garin, Harvey Ball, tsohon sojan Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi musu abin da zai sa ma'aikata su saki fuska. Cikin kamar minti 10 ya gama. An ce baki kawai aka nema, shi ya ƙara idanu, don kada wani mai tsokana ya juya bajin a kife, murmushi ya koma ɓacin rai. Aka biya shi dala 45. Da farko guda 100 aka buga, kafin a ankara ana odarsa dubu goma-goma.

Nan na tsaya ina ta juya maganar. Ashe fuskar da duniya ta ɗauka alamar farin ciki, a ofishin da babu farin ciki aka haife ta. Ba murmushin kowa ba ce, roƙon murmushi ce. Shi na mutum yana da wanda ake yi wa da dalilin da ya sa aka yi, yakan zo ya tafi, har yakan zama na yaƙe, irin wanda mai bashi ke yi in ya haɗu da mai binsa. Ita kuwa wannan ba ta san wanda take kallo ba. Yadda take a ranar suna haka take a ranar makoki. Tun a 1862 wani likita Bafaranshe, Duchenne, wanda ya riƙa motsa naman fuskokin mutane da lantarki yana ɗaukar hoto, ya nuna cewa baki na iya yin murmushi bisa umarni, amma naman da ya zagaye ido ba ya cika motsawa sai abin ya fito daga zuciya. Ɗigo biyun Harvey Ball ba sa ƙanƙancewa. Mu da muke cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ai fuskar da ke iya sauyawa muke nufi.

Kuɗin kuwa wasu suka kwasa. Ball bai yi wa zanensa rajista ba. A farkon shekarun 1970 wasu 'yan'uwa biyu a Philadelphia, Bernard da Murray Spain, suka sayar da miliyoyin bajin. A Faransa ɗan jarida Franklin Loufrani ya yi rajistar tasa, ya sa ta a jaridar France-Soir a 1972 don nuna labarai masu daɗi, kuma kamfanin iyalinsa har yau yana cin moriyarta. Na tambayi Alhaji ko Ball bai mutu da baƙin ciki ba. Ya ce ko kusa. Abin da ya dame shi shi ne yadda kasuwa ta cinye ma'anar zanen, shi ya sa a 1999 ya kafa Ranar Murmushi ta Duniya, Juma'ar farko ta watan Oktoba, yana roƙon kowa ya yi wa mutum ɗaya alherin da zai sa shi murmushi na gaske. Ya rasu a 2001. Mutumin da ya zana ta da kansa ya san ba ta isa ita kaɗai ba, kuma wannan ya ƙara masa girma a idona.

Da yamma Alhaji ya ja ni filin Polar Park kallon besbol, wasan da ake dukan ƙwallo da gora. Ban fahimci komai ba. Mutum zai daki ƙwallo ya sheƙa a guje, jama'a su ɓarke da ihu. Wani ya yi daidai haka, su yi tsit. Amma na gane abu ɗaya: wani da ya shiga ƙatuwar rigar fuskar nan, wanda suke kira Smiley Ball, yana zagaya 'yan kallo. Ya zo gaban wata yarinya da ba ta wuce shekara huɗu ba. Ta fara ɓuya bayan babanta, ta leƙo da ido ɗaya, sai kumatunta suka tashi, idanunta suka kusa rufewa, ga giɓi a baki. Fuskar rawaya na nan yadda take tun 1963, amma ta yi aikin da aka zana ta dominsa.

Mai karatu, in hanya ta kai ka Boston, ka ware wuni guda ka shiga jirgin Wusta. In da hali, ka daidaita tafiyar da Juma'ar farko ta Oktoba, kuma ka tafi da rigar sanyi.