Dodon da Muka Zana a Gwagwa

Yaranmu na nan Gwagwa sun san tsoro, amma ba namu ba. Bayan Isha'i sai ka tarar da su sun haɗa kai a kan waya ɗaya, suna kallon fatalwar Turawa. Ka tambaye su Dodo, su yi zuru. Ba laifinsu ba ne. Kakannin da za su ce musu ga ta nan ga ta nanku mun baro su a Katsina da Zariya da Maraɗi.

Shi ya sa bayan Babbar Sallah muka zauna a rumfarmu ta kasuwa, muka ce mu yi ɗan littafi. Wata gyatuma mai tuyar ƙosai ta ba da tatsuniyar Dodon da ya tsare bakin rafi. Malamin firamare ya rubuta. Yaron da ke rubuta mana allunan shaguna ya ɗauki zane, 'yan kasuwa suka yi karo-karon kuɗin bugu. Shafi 16 kacal.

Rigimar a masallaci ta tashi. Wani dattijo ya tare mu bayan Azahar, ya ce, "Malam, kai da ke jan mu salla, kai ne da zanen sura?" Wallahi maganarsa ba ta banza ba ce, mu ma mun karanta hadisan nan a Islamiyya. Muka tuna masa Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a Zariya tare da Rupert East, ya fara fitowa a 1937, kuma da zane-zanensa muka karanta shi muna yara. Ya ce ai shi wannan Imam sunansa ne, mu kuwa limanci muke yi. Aka yi dariya, amma a ranar barcinmu rabi da rabi ne.

Abin da muka tsaya a kai: ba za a zana aljani ba, tunda su ke ganinmu, mu ba ma ganinsu. Dodo ma ba fuska. Gashi kawai a saman ruwa, da hannu ɗaya ya riƙe tulun yarinya. Mai zane ya yi ta ƙunƙuni, wai mun yanke masa hannu. Ashe hakan ya fi ban tsoro.

Ƙarƙashin kowane layin boko muka sa ajami, don tsofaffi da almajirai. 'Ya'yan Gbagyi maƙwabtanmu kuwa, da Hausarsu ta kasuwa, zanen ya ja su har ƙarshe.

Dattijon nan har yau bai taɓa littafin ba, kuma ba mu matsa masa ba. Ita ko gyatuma da aka kai mata, ta jujjuya shi, ta ce gashin Dodonta ya fi wannan tsawo, a gyara kafin ta ba da ta biyu.