Daga Maradun zuwa Sakkwato: Lissafin da ke sauke jirgi lafiya

Da asuba muka bar Maradun, za mu raka Kaka filin jirgin saman Sultan Abubakar III da ke Sakkwato, inda za ta tashi zuwa Makka. Muka bar madatsar ruwan Bakolori a baya, mai tsawon kilomita 5.5, wadda aka kammala a 1978, kuma take shayar da gonakin yankinmu. A Talata Mafara muka tsaya karin kumallo, sannan muka hau babban titi.

Kusa da mararrabar Bakura sai hadari ya haɗo, ruwa ya goce. Wasu awaki suka faɗo titi, direba ya taka burki, amma motar ta ci gaba da sulalewa kafin ta tsaya. Kaka ta yi salati, ta ce, "To jirgin fa, wa zai tsayar da shi in ƙasa ta jiƙe?"

Kawu, wanda ya yi karatu a kwalejin tuƙin jirgi ta Zariya, ya ce, "Inna, kwantar da hankalinki, akwai lissafinsa."

Ya ce kowane jirgi yana da littafin da ke nuna tsawon titin da yake buƙata wajen sauka. Ba daga inda tayoyi suka taɓa ƙasa ake fara awon ba. Ana farawa ne tun jirgin yana sama da bakin titi da mita 15, har zuwa inda ya tsaya cak. Lambar tana canzawa da nauyin jirgi, zafin rana, tsayin gari da kuma iska. In iska tana turo jirgi ta baya, tsawon ya ƙaru.

Kuma ƙwararrun matuƙa ne suka samo lambar a gwaji, a kan busasshen titi. Shi ya sa doka ta ce kafin a tashi, sai an tabbatar jirgin zai iya tsayawa cikin kashi 60 bisa 100 na titin da zai sauka. Kawu ya zana mana misali a bayan takardar burodi: in littafi ya ce mita 1,500, ana buƙatar titi mai mita 2,500. In an yi ruwa a ƙara kashi 15, ya zama 2,875. Titin Sakkwato mita 3,000 ne, saura 125 ke nan. Wanda ya ɗauki 1,500 yadda ya gan ta, ya yi wasa da rayukan ɗaruruwan alhazai.

Da yamma jirgin da zai kwashi su Kaka ya sauka, titi bai gama bushewa ba. Ƙanena ya lalubo takardar burodin yana sake raba 1,500 da 0.6. Shi ne fa mai gudun ajin lissafi. Ranar Litinin ya riga kowa shiga.