Miyar Madaras a kasuwar Tamaske

Kowa ya san Adarawa mutanen tafiya ne. Da wuya ka shiga gida a Tamaske, ko Keita, ko Buza, ba ka tarar da ɗansa guda yana Abijan, ko Legas, ko Kamaru ba. A shekarun nan kuwa an sami wata sabuwar tafiya wadda babu mai yin ta don marmari, wato zuwa ƙasar Indiya neman magani. Mai wannan tafiya yakan dawo da tarin takardun likita, wani lokaci kuma ya dawo da wata buƙata wadda danginsa ba su san inda za su nemo ta ba.

Haka ta faru ga yayana. An yi masa aiki a ciki a birnin Cennai, wanda ake kira Madaras kafin 1996, a jihar Tamil Nadu da ke kudancin Indiya. Da ya komo gida sai abinci ya gagare shi. Tuwo ya yi masa nauyi, miyar mai tana tayar masa da zuciya, kullum sai ƙara ramewa yake yi. Abin da bakinsa ke ambato shi ne wani romo mai tsami da suke kira rasam, da wata miyar wake mai suna sambar, waɗanda ya saba sha a can. Matarsa ta zo da wata takarda da uwar ɗakinsu ta rubuta mata, da sunayen kayan haɗi cikin Ingilishi, aka ɗora mini nauyin nemo su.

Na zaga manyan kantunan Tawa da takardar nan a hannu. Duk wanda na karanta wa sai ya miƙo mini garin kori na cikin leda, alhali babu shi cikin lissafin. Sai wani malamin makaranta da ya yi karatu a Sakkwato ya zauna ya juya mini sunayen zuwa Hausa ɗaya bayan ɗaya. Na farko tsamiya. Na biyu hulba. Sai kurkum, da tafarnuwa, da citta, da busasshen barkono, da albasa, da kuɓewa, da man riɗi. Da ya kai kan na ƙarshe sai ya yi dariya, ya ce: «Wannan kuwa ƴaƴan zogale ne, tun suna ɗanye.»

Ranar kasuwar Tamaske, tsakanin rumfar ƴan koli da layin mata masu kayan miya, ban yi awa guda ba na cika jakata. Tsohuwar da na tambaya ƴaƴan zogale ta dube ni, ta ce: «Ɗana, iri za ka shuka?» Na ce: «A'a, Inna, miya za a yi.» Ta riƙe baki, sa'an nan ta aiki jikanta ya tsinko mini a garka, ta ƙi karɓar ko dala. Mu ganyen muka sani, mu yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli ko mu zuba a dambu; su kuwa kwanson suke yankawa gunduwa-gunduwa su jefa cikin miya.

Abubuwa uku ban samu ba: ganyen wani itace da suke soyawa cikin mai don ƙamshi, da wasu ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe masu fashewa a kasko, da irin waken da suke yin sambar da shi. A madadinsa muka surfa namu wake kamar za a yi ƙosai. Yayana ya ce ɗanɗanon bai kai na can ba, amma ya shanye kwanon, kuma daga ranar nan cin abincinsa ya fara daidaituwa.

Da na bi diddigi sai na ga wannan dangantaka ta daɗe. Tsamiya itacen Afirka ce, amma ta zauna a Indiya har Larabawa suka raɗa mata suna dabinon Hindu. Gero da dawa daga nahiyarmu suka ƙetara teku, yau ga shi babu ƙasar da ta kai Indiya noman gero. Dogon yaro kuma daga can ya zo mana. Shi ne aka jera a kwarin Majiya tun 1975 don ya kare gonaki daga iska, kuma mutanen kudancin Indiya suna sa furensa cikin romo. Har masarmu tana da ƴar'uwa a can: suna jiƙa shinkafa, su niƙa, su bar ƙullu ya kwana ya yi tsami, su soya a tanda mai gurabu kamar tamu. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT, wadda aka kafa a 1972 kusa da Haidarabad, tana da reshe a Sadore, kudu da Yamai, kuma ta yaɗa a ƙasarmu wani irin zogale mai suna PKM-1 da aka fitar a Tamil Nadu.

To, a nan ne maganata take ga ƴan kasuwa. Abin da muke ɗaukowa daga Indiya da yawa shi ne shinkafa. A ranar 20 ga Yulin 2023 gwamnatin Indiya ta hana fitar da farar shinkafa wadda ba basmati ba. Kwana shida bayan haka aka yi juyin mulki a Yamai, CEDEAO ta rufe mana iyakoki. Kowane ma'aikaci ya tuna yadda buhu ya gagari albashi a lokacin, kuma sai a Satumban 2024 Indiya ta ɗage hanin. Duk tsawon wannan lokaci tsamiya tana zuba a dajinmu, albasar Galmi tana ruɓewa a rudu idan kasuwa ta faɗi.

A Cennai, in ji matar yayana, ana cire ƙwallon tsamiya, a matse ta, a sa a kwalba da suna da nauyi a rubuce; haka garin barkono, haka man riɗi. Kayan iri ɗaya ne da namu, sai dai an gyara su yadda baƙo zai gane su, matafiyi kuma ya iya ɗauka. Ɗan Adar da ke Abijan yana marmarin yajin gida kamar yadda kowane baƙo ke marmarin nasa, kuma da kuɗinsa a hannu. Mai jari da zai sayi injin niƙa da kwalabe, ya ɗauki matan unguwa aiki, ba zai rasa masu saye ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a kasuwanninmu. Amin.