Masana falsafa da ƙungiyoyinsu na sana'a

A ƙasar Hausa kowace sana'a da shugabanta: maƙera suna da Sarkin Maƙera, mahauta Sarkin Fawa, wanzamai Sarkin Aska. Shi ne ya san gwani ya san ɗan koyo, kuma gabansa ake kai ƙarar wanda ya ɓata aiki. Masanin falsafa ya daɗe bai buƙaci irin wannan ba, don koyarwa da rubutu kaɗai ya sani. Ƙungiyoyinsa na farko, kamar wadda Xavier Léon ya kafa a Faransa a 1901, majalisun muhawara ne. Haka ita ma majalisar masana falsafa ta Afirka da aka kafa a Kwatano a 1973, wadda marigayi Paulin Hountondji ya jagoranta.

Al'amarin ya sake kama a 1981, lokacin da Gerd Achenbach ya buɗe ofishi kusa da birnin Kolon na Jamus. Mutum yakan zo masa da damuwarsa, ta aure ko ta aiki ko ta tsoron mutuwa, su zauna su warware ta da hujja da tunani, sannan ya biya. Shekara ɗaya bayan haka Achenbach ya kafa ƙungiyar masu wannan aiki. A Amurka kuma Lou Marinoff, wanda littafinsa na 1999 ya sa sunan Aflatun gaba da na maganin Prozac, ya shugabanci wata ƙungiya mai bai wa masu babban digiri takardar shaida bayan gajeren horo.

Nan gardama ta tashi, kuma masu sukar suna da abin faɗa. Wanda baƙin ciki ya rufe saboda ya rasa ma'anar rayuwarsa, da wanda ciwon ƙwaƙwalwa ya kama, sau da yawa da magana iri ɗaya suke shigowa. Karatun Kant bai koya wa kowa bambanta su ba. Idan masanin ya riƙe na biyun yana yi masa bahasi alhali likita yake buƙata, rai ne a hannunsa. Takardar shaida, in ban da ta kwantar da hankalin mai biya, ba ta da wani nauyi sai ƙungiyar da ta bayar tana iya karɓe ta daga wanda ya wuce iyakarsa, kamar yadda Sarkin Aska ke hana mai gangancin hannu taɓa aska.

A Nijar babu mai rataya allo a ƙofa yana tallar shawarar falsafa. Amma malamin da ke koyar da ita a ajin ƙarshe na lise, a Maraɗi ko Damagaram, ya san ɗalibin da ke tsayawa bayan an tashi, wanda darasi kan ƴanci ko mutuwa ya taɓa masa wani miki na gida. Malamin yana ba da shawara ke nan, ba lada, ba ƙa'ida, ba wanda zai tuntuɓa. Ƙungiyoyin malamai sun fi tattauna albashi da jarrabawar bak. Ya kamata su ware zama guda, tare da likita, kan lokacin da ya wajaba malami ya daina bahasi ya kira iyayen yaro.